Ɗan Wata Mata a Dudunni

Ilham ta ajiye wayar a kan tabarma dab da matashin Inna Hadijatu, ta danna wurin ɗaukar murya, ta gyara zama kamar mai shirin karanta labarai a talabijin. Sai da ta faɗi sunanta da sunan gari da kwanan wata, sannan ta sunkuya.

"Inna, ina so ki ba ni labarin ranar da ɗanki Ummaru ya rasu."

Mahaifiyar Ilham, Zuhura, tana bakin ƙofa tana fifita kunu da ludayi don ya huce. Hannunta ya tsaya cak. Tsohuwar ta dafa tabarma da gwiwar hannu, ta juya da kyar, irin juyin da take yi tun da ƙafafunta suka kumbura, ta fuskanci bango. Wayar ta ci gaba da ɗaukar ƙarar ruwan da ke ɗiga daga indararo cikin bokiti.

"Ke, tashi," in ji Zuhura. "Ɗauki abinki ki same ni a gida."

Gidan ba nisa. Shekara ashirin da wani abu ke nan Zuhura tana maƙwabtaka da Inna Hadijatu a wannan lungu na Kankia, katanga ɗaya ce tsakaninsu, kuma tun wata damina da ta cinye gefen katangar ba wanda ya sake ɗaukar ƙasa ya toshe. Wurin ya zama ƙofa. Ta nan daddawar da Inna ke sayarwa take shigowa, ta nan tuwo yake fita, ta nan kuma Zuhura take shiga safe da yamma tun da likita ya sallamo tsohuwar ya ce zuciyar ta gaji, a je gida a ci gaba da magani da addu'a. Kowa ya gane abin da yake nufi, har ita Innar.

Ilham ce 'yar farin Zuhura, tana ajin ƙarshe a jami'a a Katsina, sashen tarihi. Kundin da take rubutawa na kammala digiri a kan siyasar jamhuriya ta biyu ne a ƙasar Kankia, lokacin da Kusada take ƙarƙashinta. Ta karanta abin da aka ce ta karanta. Ta je Kusada wurin Alhaji Ɗanmaliki, tsohon jigon jam'iyya mai mulki a lokacin, wanda duk ɗalibin da ya zo bincike wurinsa ake tura shi, ya zaunar da ita a kujera mai laushi, aka kawo lemo, ya ba ta labarin da ya sha bayarwa har ya yi santsi. A cewarsa zaɓen tamanin da uku a wannan yanki lafiya aka yi shi aka gama, ko ƙwarzane ba a yi wa kowa ba. Da ta duba kundayen waɗanda suka riga ta a laburare, duk haka suka rubuta. Na farko ya ce Alhaji ya ce, na biyu ya ce na farko ya ce, na uku ya haɗa su biyun ya ce masana sun yi ittifaƙi.

Sai dai a wani biki a Dudunni, ƙauyen da Inna ta yi zaman aure kafin su dawo Kankia, wata tsohuwa tana ƙoƙarin tuna shekarar da aka yi wani aure, ta ce ai shekarar da aka kashe ɗan Hadijatu ce. Da Ilham ta matso, tsohuwar ta kama bakinta ta shiga zancen tsadar barkono. Ilham ta sa maganar a layi ɗaya cikin babi na uku. Malamar da ke duba mata kundi ta zagaye layin da jan biro: ko ta kawo shaidu biyu da aka ɗauki muryarsu, ko ta cire, kuma kafin a kai kundaye ɗauri a yi musu bango, lokacin kuwa ya kusa.

Duk wannan Zuhura ta sani. Abin da ba ta sani ba shi ne yarinyar za ta ɗauki tambayar ta dire wa uwar mamacin a kan shimfiɗar ciwo. A gindin murhu ta tsayar da ita, ta rage murya don kada ta haye katanga. Ta tambaye ta ko a Katsinar ba a gaya musu cewa Ummaru ɗan fari ne ba, ko kuwa ta taɓa jin mace irin su Inna ta kama sunan ɗanta na fari, balle ta zauna tana ba da labarinsa kamar tatsuniya.

"Umma, a aji mun yi wannan," in ji Ilham. "Kunyar ɗan fari wata hanya ce ta rufe wa mata baki."

"To wanda ya koya muku an rufe, ya ce ku je ku ɓalle shi da ƙarfi a kan mai jiran ajali?"

Zuhura ta ƙara da cewa ba ma kashe shi aka yi ba, zazzaɓi ne, duk unguwa an sani. Kuma gaskiya duk unguwa an sani. Inna Hadijatu ce abin misali a lungun nan. In mace ta rasa ɗa ta daɗe tana kuka, sai a ce ta dubi Inna, saurayi guda zazzaɓi ya ɗauke mata cikin kwana ɗaya, ko hawaye ba a gani ba, ta miƙa wa Allah ta manta. Ita kanta Zuhura ta faɗa wa mata da dama haka a wurin makoki, da murya mai taushi, tana jin ta yi aikin lada.

Da la'asar Abdulbaƙi ya iso daga Kusada a kan babur, da ledar magani da kankana. Shi ne ɗan da ya rage wa Inna, ma'aikaci a sakatariyar ƙaramar hukuma, mutum mai sanyin magana wanda furfura ta fara fito masa a gemu. Ya yi fama ta koma wurinsa ta ƙi, ta ce a ɗakin da mijinta ya bar ta za a zo a ɗauke ta. Zuhura ta tare shi a zaure ta gaya masa abin da ya faru da bakinta, don kada ya ji a wani wuri, ta ba shi haƙuri.

Bai yi faɗa ba. Ya ce yarinta ce da zafin karatu. Amma ya ce shi ofis ɗaya yake zama da 'ya'ya da jikokin mutanen wancan zamani, na wannan ɓangare da na wancan, tare suke salla, tare suke cin abinci, ba ya so a wayi gari sunan gidansu yana cikin wani littafi da zai tono abin da ƙasa ta rufe.

"Maman Ilham, tsohuwar nan ta manta. A bar ta ta tafi da mantuwarta."

Ilham tana ji daga tsakar gida. A ranar ta fara ninke kayanta, ta ce jibi za ta koma ta cire layin kawai.

Washegari da hantsi Zuhura ta ɗumama ruwa ta goge wa Inna jiki, ta zaunar da ita ta jingina da bango, ta ɗora ƙafafun a cinyarta tana shafa musu mai. In ta danna yatsa sai wurin ya lotsa ya daɗe bai dawo ba. Tsohuwar tana kallon rufin ɗaki, can sai ta ce:

"Ina 'yar bokon?"

Zuhura ta ce tana haɗa kaya, ta soma jero ban haƙurin da ta kwana tana shiryawa.

"Tambaya guda ta yi ta gaji? Haka ake koya masu a makarantar?"

Zuhura ta ɗago ta dube ta. Inna ta ce ta ci gaba da shafawar, ba fuskarta ke ciwo ba. Sannan ta yi magana a hankali, tana tsayawa tana neman numfashi. Ta ce mutanen yanzu sun ɗauki rabin abu sun yar da rabi. A zamaninsu uwa ba ta zancen ɗan fari, haka ne, amma ba don ba ta da abin faɗa ba. Don akwai masu faɗa mata ne. Akwai goggon da ta riƙe shi, akwai kaka, akwai ƙawar uwar. Su za su yabe shi, su za su yi masa faɗa, in ya mutu su za su yi kukan su ba da labari, ke kina zaune kina ji ana sauke miki. Wancan yaron, yayar mijinta ce ta riƙe shi, Goggo Babba, kuma muddin Babba na raye duk shekara in gero ya fara fitar da kai sai ta zo ta zauna ta yi zancensa tun daga haihuwa har ƙarshe. Babba ta rasu. Ƙawarta ta Dudunni ta rasu. Malam, mijinta, ya rasu.

"Duk masu bakina sun tahi sun bar ni da shi. Ke kuma duk wanda ya nuho ni da zancen sai ki tare shi kamar kaza mai 'yan tsaki."

Zuhura ta ce ai jiya ita Innar ce ta juya wa yarinyar baya.

"To mi zan yi? Ta ce mani ɗanki, ta kama suna, tana kallon tsakar idona. Ko sarki ne ya tambaye ni haka bango zan ba shi."

Inna ce ta tsara yadda za a yi. Ilham ba za ta shigo ba, za ta zauna a waje bayan asabari. Wayar kaɗai za ta shigo. Zuhura ce za ta yi tambaya, kuma ba ɗan kowa za ta tambaya ba sai ɗan wata mata da aka yi a Dudunni. Da aka gaya wa Ilham, ta buɗe baki za ta ce wani abu game da ƙa'idar hira, uwarta ta harare ta, ta rufe. Ta jawo kujerar tsugunno ta zauna a inuwar katanga da littafinta a gwiwa.

Aka kwantar da tsohuwar, ta fuskanci bango da kanta. Zuhura ta ajiye wayar a bayan kanta, ta rasa yadda za ta fara, sai ta ce:

"Inna, an ce akwai wata mata a Dudunni mai ɗa saurayi, shekarar zaɓe."

"An yi ta," in ji Inna.

Yaron, in ji ta, gyaran keke yake koyo, hannunsa na jin wayar wuta da batir. Don haka mutanen Ɗanmaliki suka ɗauke shi yana riƙe musu lasifika a saman babbar mota in za a fita kamfe. Zuhura ta ji biron Ilham ya tsaya a waje, domin yarinyar ta riga ta gama yanke wa kanta cewa ɗan adawa ne aka zalunta, har ta tanadi kalmomin da za ta yi masa ado da su. Inna ta ce bai san komai a siyasa ba. Hawan mota yake so da waƙoƙin, da yadda 'yan mata ke nuna shi in an ratsa ƙauye.

Ranar an yi ruwa da safe. A kan hanyar dawowa daga Kankia motarsu ta yi karo da ta ɗaya jam'iyyar a wani wuri da hanya ta matse a kan kwalbati, gefe da gefe laka. Ba wanda ya yarda ya ja da baya. Aka fara da waƙar zambo, kowa na ƙara lasifikarsa, daga nan aka sauka aka koma duwatsu. Wa ya fara, na wa ya sami wa, ba wanda ya taɓa sani, don ana cikin haka ruwa ya sake saukowa kowa ya watse.

Da ƙafa yaron ya iso gida wajen la'asar. Ba gidan uwarsa yake kwana ba, amma ranar Goggo Babba ta tafi suna Kusada, ɗakinta a kulle, sai ya shigo wurin matar. Tana tsakar gida tana tankaɗe, ga facalolinta biyu zaune suna tsinkar zogale. Ya tsuguna daga nesa ya gaishe ta.

"Ba ta ɗago ba. Ina za ta ɗago, ga mutane? A yi ta yi da ita har kaka, a ce ta ga ɗanta ta rikice. Ƙahwahunsa ta gani. Laka har idon sawu, takalmi guda a ƙafa, guda babu. Ya ce kansa ke ciwo."

Inna ta ci gaba. Matar ta yi abin da aka koya mata, ta yi magana da iska, ta ce a gaya wa wancan akwai tuwo a kwano, in ya ci ya kwanta. Facalolin suka yi dariya suka ce ɗan siyasa ya sha rana.

"Ya daɗe a tsugune, Zuhura. Ya daɗe. Jira yake a ɗago a dube shi."

Daga baya ya tashi ya tafi zaure ya kwanta da hularsa a kai, bai taɓa tuwon ba. Washegari kafin hantsi ya cika. Sai wurin wanka, da aka cire hular, aka ga abin da ke ƙarƙashinta.

Kafin a kai shi, shugabannin jam'iyyun biyu, har da Ɗanmaliki, suka iso a mota ɗaya, abin da ba a taɓa gani ba. Suka keɓe da uban. Suka ce in aka ce jifa ne, 'yan sanda za su shigo su kwashe samarin ƙauye na kowane ɓangare, ga noma bai ƙare ba, ga zaɓe ya ƙarato, kuma ba za a taɓa gano mai dutsen ba. A ce zazzaɓi. Uban ya yarda. Inna ta ce kuma ba ƙarya suka yi ba, da an kwashe su, har da 'ya'yan facalolin nan. Ita ba ta riƙe Ɗanmaliki da komai ba, shi ma kuka ya yi a zauren. Shekara na zagayowa Malam ya tattara su suka dawo Kankia, don ba ya iya ratsa zauren nan.

"Ban ce da an kai shi asibiti zai tashi ba. Kwana in ya ƙare ya ƙare. Amma da na ɗago, da ya san an gan shi."

Wata akuya ta leƙo ta ɓarakar katanga ta yi kuka ta koma. Zuhura ta ga kafaɗar tsohuwar tana ɗan rawa, ta ɗora hannu a kai ta bar shi nan. Can Ilham ta matso jikin asabari ta yi raɗa, ta ce Umma, dole sunan ya fito a cikin muryar, in ba haka ba ba za a karɓa ba. Zuhura ta ji kamar ta fita ta make ta, amma ta sunkuya.

"Inna, yaron nan, Ummaru ne?"

"Haka ubansa ya raɗa masa."

Bayan ta huta ta sha ruwa, sai ta ce a shigo da 'yar bokon, yanzu an gama. Ilham ta shigo idanunta jawur. Zuhura ta dube ta da kyau, abin da ba ta cika yi ba, ta ga ashe yarinyar ta rame a wannan zangon, ƙashin wuyanta duk a waje. Ilham ta ce saura shekaru da sana'a, haka ake rubutawa a ƙarshen kundi. Inna ta ce shekaru ta je ta tambayi wanda ya ba ta su, sana'a kuwa ta rubuta daddawa, kuma ta rubuta cewa ba ta taɓa haɗa ta da waken suya ba kamar wasu da ba za ta kama suna ba. Suka yi dariya su uku, tsohuwar har da tari.

Sannan Inna ta tambaya wa zai karanta. Ilham ba ta yi mata ƙarya ba. Ta ce malamai biyu ko uku, daga nan a ɗora a kanta a laburare, sai in wani ɗalibi ya zo neman abin da zai kwafa.

"Nan aka aje na Ɗanmaliki?"

"Nan ne, Inna."

"To a aje wanga kusa da nashi."

Ilham ba ta koma Katsina jibin ba. Ta yi wa malamarta waya ta roƙi 'yan kwanaki, aka ba ta da sharaɗin ba ƙari. Amma ta gaya wa uwarta cewa har yanzu da saura. Shaida ɗaya ce a hannunta, tsohuwar bikin Dudunni ta aiko cewa ita ba ta faɗi komai ba, kuma ko da shaidun sun cika ba za ta sa sunan gidan mutane a kundi ba bayan Kawu Abdulbaƙi ya ce a'a. Zuhura ta ce ta bari tukuna, ba yanzu ake tunkarar mutum da irin wannan ba.

Inna ta ɗan ji sauƙi kwana biyu, irin sauƙin da tsofaffin mata ke gani su yi shiru. Ta ci tuwo da miyar kuka, ta sa aka kira mai kitso, ta yi wa matar Abdulbaƙi da ta zo duba ta faɗa a kan yadda take barin tukunya a jiƙe. Zancen Dudunni bai sake fitowa daga bakinta ba. Ranar Laraba da safe ta sha kunu kaɗan, ta ce a naɗe asabarin tana so ta ga hadari. Zuhura ta naɗe, ta ga ruwa na shirin sauka, ta ruga gida ta kwashe shanya. Da ta dawo da kayan a kafaɗa ta tarar da ita yadda ta bar ta, fuskarta wajen ƙofa, iska na kaɗa bakin ɗankwalinta. Sai da ta kira ta sau biyu sannan ta ajiye kayan.

Bayan azahar aka kai ta, ƙasa a jiƙe, masu haƙa suka ce ba su sha wuya ba. Gidan ya cika da mata har ta ɓarakar katanga zuwa tsakar gidan Zuhura. Aka yi ta yabon daddawarta da tsabtarta, aka zo kan haƙurinta. Wata dattijuwa ta ce ita ba ta taɓa ganin mai tawakkali irin Hadijatu ba, ɗa saurayi ya tafi ta shafe shi a ranta kamar ba a yi ba, ta juyo ta ce ko ba haka ba, Zuhura, ke da kika zauna da ita? Zuhura ta ce Allah ya ji ƙanta, ta tashi ta shiga rabon ruwa. A waje an ce har Alhaji Ɗanmaliki ya zo, jikoki biyu na riƙe da shi, ya yi doguwar addu'a, ya daɗe zaune a tabarma bayan an shafa.

Ranar addu'ar uku, da aka watse, Abdulbaƙi ya yi sallama a zauren su Zuhura don ya yi godiya. Jakar Ilham na jingine a bakin ƙofa, motar Katsina za ta bi da yamma, babin kuma ta riga ta gyara shi ta cire layin. Zuhura ta tsaya daga cikin ƙofar tsakar gida ta karɓi godiyar. Ta so ta bar shi ya tafi. Mutumin ya yi zuru-zuru, kwana uku yana amsa gaisuwa. Amma ta tuna sau nawa ta tare mutane don ta hutar da wani, sai ta ce masa Inna ta bar magana a wayar Ilham, da son ranta, ita ce ma ta aika a kira yarinyar. In ya ga dama ya ji, in bai ga dama ba a goge a gabansa.

Fuskarsa ta canza. Ya ce ashe bayan ya roƙa sai da aka koma. Zuhura ta ce an koma, kuma ita ce ta yi tambayar, in akwai laifi nata ne. Ya tsaya yana juya makullin babur a hannu. Sannan ya zauna a dakalin zauren ya ce a kawo.

Ilham ta durƙusa ta miƙa masa, ta koma gefe. Ya kara wayar a kunne duk da muryar na fita sarai. Zuhura na jin ta daga inda take, ƙasa-ƙasa, da tsayawar numfashin da komai, har da kukan akuyar. Bai motsa ba har aka zo wurin da tsohuwar ta ce ya daɗe a tsugune. Nan ya ce a mayar baya. Aka mayar. Ya saurara har ƙarshe, har wurin daddawa, inda wani abu mai kama da dariya ya kuɓuce masa.

Sannan ya ce shi a lokacin bai fi shekara bakwai ba, kuma shi aka aika da kwanon tuwon zaure.

"Da safe farar hula ya fita da ita. Da na kai tuwon na ga bayanta ya yi baƙi-baƙi, na ɗauka laka ce. Na ce Yaya ka ɓata hularka. Ya ce in ajiye in je in yi wasa." Ya goge fuska da tafin hannu. "Ban taɓa gaya wa kowa ba. Na ɗauka ita ba ta son a tuna mata."

Wani mai babur ya wuce a lungu yana watsa ruwan kwata.

"Shaidu nawa malamar taku ta ce?"

"Biyu, Kawu."

Ya miƙa mata wayar ya ce ta kunna abin. Ilham ta ajiye ta a kan dakali tsakaninsu, ta danna, wannan karon ba ta yi wata gabatarwa ba. Abdulbaƙi ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya gyara murya, ya zauna yana kallon ɗan jan ɗigon da ke ƙiftawa a fuskar wayar.